Ɗakin Dutse da Makirfon Magana: Yadda Aka Ɗauki Gangunan Kundin Peter Gabriel na 1980

A shekarar 1979, a situdiyon Townhouse da ke kan titin Goldhawk a unguwar Shepherd's Bush, yammacin Landan, wasu samari huɗu suka ɗauki wani sautin ganga da ya zo ya cika rediyoyin duniya har tsawon shekara goma. Babu wanda ya kai talatin a cikinsu. Peter Gabriel, mawaƙin Birtaniya mai kundin waƙoƙin, yana da shekara 29. Phil Collins, makaɗin, yana da 28. Furodusa Steve Lillywhite da injiniyan sauti Hugh Padgham kuwa 24 kowannensu. Masu ba da labarin sun fi son su ce katari aka yi: wani ya danna maɓalli bisa kuskure, sai sabon sauti ya faɗo. Akwai katari a ciki, ban musa ba. Amma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin injiniya ya san ana yin irin wannan kuskure kullum, kuma yawanci sai a toshe kunne a ce a kashe. Abin da nake so a duba shi ne me ya sa a wannan rana, a wannan ɗaki, kuskuren ya zama abin amfani.

Yadda ake ɗaukar ganga kafin nan

Jerin gangunan da Turawa ke kaɗawa ba kayan kiɗa ɗaya ba ne. Akwai babbar gangar ƙafa da ake bugawa da feda. Akwai sineya, ƙaramar ganga mai zaren waya a gindinta, wadda ke ba da ƙara mai kaifi. Akwai tom-tom manya da ƙanana. Sai kuma faya-fayan tagulla da ake kira simbal, har da guda biyun nan masu kifuwa a kan juna da makaɗi ke riƙe lokaci da su. Mutum ɗaya ke kaɗa su duka, da hannu biyu da ƙafa biyu, a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ciwon kan injiniya daga nan yake farawa. Makirfon da aka sa wa sineya yana jin simbal, na tom-tom yana jin gangar ƙafa, kowanne kuma yana jin abin da bango ya dawo da shi.

Maganin da akasarin situdiyoyi suka kama a shekarun 1970 shi ne a kashe ɗakin. Sai a cusa makaɗi a wani ɗan akurki mai darduma ƙasa da abin shanye sauti a bango. A tura matashi cikin gangar ƙafa, a manna tef a fatar tom-tom, wani lokaci a shimfiɗa tawul a kan ganga kamar yadda Ringo Starr ya riƙa yi a ƙarshen zamanin Beatles. Makirfo kuwa a kafa shi dab da fata, inci ɗaya ko biyu. Abin da ke shiga tef mai layi 24 busasshen sauti ne, gajere, kamar ana buga kwali. In ana son ya yi faɗi, daga baya a ƙara masa amsa-kuwwar na'ura, galibi daga babban farantin ƙarfe irin EMT 140. Wannan hanya tana da hujjarta, domin tana ba injiniya iko a kan kowace ganga ita kaɗai. Asararta ita ce gangar da ake ji a faifai ba ta kama da wadda mutum ke ji in yana tsaye gaban makaɗi, inda bugun ke taɓa ƙirji.

Townhouse sabon wuri ne a lokacin. Kamfanin Virgin na Richard Branson ne ya buɗe shi a 1978. A situdiyo na biyu an gina wani ɗaki mai bangon dutse, wanda kowa ya san shi da sunan ɗakin dutse. Dutse ba ya shan sauti, mayar da shi yake yi, kuma da yake fuskarsa ba sumul take ba, sai ya watsa shi ta ko'ina maimakon ya dawo da shi gaba ɗaya kamar bangon siminti. Duk wanda ya taɓa jin an buga ganga a cikin zaure mai tsawon rufi, sannan aka fito da ita fili, ya san bambancin ba a fata yake ba.

Abu na biyu da situdiyon ke da shi shi ne teburin haɗa sauti na kamfanin Solid State Logic (SSL), samfurin SL 4000 B, ɗaya daga cikin na farko da aka kafa. Sabon abu a jikinsa shi ne kowane layi yana da na'urar matse sauti tasa, mai danne abin da ya yi ƙarfi, da kuma ƙofar sauti tasa, mai datse abin da ya yi rauni. A da, waɗannan akwatuna ne daban da ake jonawa da waya, kuma situdiyo ba ya da su da yawa, sai an yi tattalinsu. Yanzu ga su a ƙarƙashin yatsa.

Padgham da Lillywhite ba baƙin ɗakin ba ne. A wannan shekara ta 1979 suka yi kundin Drums and Wires na ƙungiyar XTC a Townhouse, da makaɗi Terry Chambers, kuma tun a nan suke neman ganga mai girma, mai ɗauke da amon ɗaki. Kunnensu ya riga ya karkata can kafin Gabriel ya shigo.

Dokar hana simbal

Gabriel ya bar ƙungiyar Genesis a 1975, Collins da ke bayan ganguna ya gaje shi a waƙa, amma zumuncinsu bai yanke ba. Da ya zo yin kundinsa na uku, Gabriel ya kafa wa makaɗansa biyu, Collins da Jerry Marotta, doka ɗaya: babu simbal, ko guda. Ya sha bayyana ra'ayinsa cewa in aka ƙuntata wa mai fasaha, dole ya nemo wata ƙofa, in kuma aka sakar masa komai sai ya koma ga abin da ya saba.

Ga makaɗi wannan doka ba ƙaramar takura ba ce. Hannunsa ɗaya ya shekara goma sha yana ƙirga lokaci a kan tagulla. Ƙarshen kowane juyi kuma a kan simbal yake sauka, kamar aya a ƙarshen jimla. In aka ɗauke su, sai ya sake koyon inda zai ajiye hannunsa, kuma duk wani gurbi da ƙarar tagulla ke rufewa a da sai ya fito fili. Gabriel ya yi dokar ne don yanayin waƙoƙinsa. Bai san cewa da ita ya share wa injiniyansa hanya ba.

Ranar da abin ya faru

Tsakanin ɗakin injiniya da ɗakin kiɗa akwai gilashi mai kauri da sauti ba ya ratsawa. Injiniya yana da maɓallin da zai danna ya yi wa makaɗi magana. Teburin SSL ya zo da ƙari: layin da makaɗi shi ma zai mayar da magana. Don haka aka rataye makirfo ɗaya a rufin ɗakin kiɗa, samfurin STC 4021, wanda ke ɗaukar sauti daga kowace kusurwa. Ba don kiɗa aka sa shi ba, don magana ne kawai.

Da yake mai magana zai iya kasancewa ƙarƙashin makirfon ko can a lungu, masu ƙera teburin sun ɗaura wa layin na'urar matse sauti mai tsanani ƙwarai. Aikin wannan na'ura shi ne ta danne duk abin da ya yi ƙarfi, sannan a ɗaga sautin baki ɗaya, sai mai raɗa da mai ihu su zo kusan daidai. A magana wannan taimako ne. A ganga kuwa wani abu ne daban. Bugun farko, wanda shi ne mafi ƙarfi, sai a danne shi. Amon da dutse ke dawowa da shi, wanda a al'ada yake bin baya a hankali yana dushewa, sai a ɗago shi ya kusa kai ƙarfin bugun kansa. Ganga ɗaya sai ta cika ɗaki kamar an harba bindiga.

Padgham ya buɗe wannan layi, Collins kuma ya ci gaba da buga gangunansa, sai lasifikokin ɗakin injiniya suka kawo wannan ƙara. Katarin ke nan, daga farkonsa har ƙarshensa. Duk abin da ya biyo baya aiki ne.

Matsala ta farko ita ce layin maganar ba ya zuwa tef. An ƙera shi ya tsaya a lasifika. Sai da masu gyaran na'urorin situdiyon suka buɗe teburin da dare suka ja waya, domin a iya kai sautin inda za a naɗe shi. Ina ganin wannan mataki ya cancanci a tsaya a kansa. Tebur ne sabo fil, mai tsadar gaske, mallakin kamfani, ga wasu masu aiki suna jiran layi. Injiniya ɗan shekara 24 ya ce a farke shi saboda wata ƙara da ya ji ta hanyar da ba a yi don kiɗa ba, kuma aka yarda. A wurare da yawa da an ce masa ya yi haƙuri.

Matsala ta biyu ita ce amon ya yi yawa. Ɗakin dutse da aka matse haka ba ya yin shiru tsakanin bugu da bugu, amon wannan yana hawa kan na gaba, har komai ya zama kunu. A nan Padgham ya sa ƙofar sauti. Ita wannan na'ura an yi ta ne don tsafta: tana buɗewa in sauti ya kai wani ƙarfi, tana rufewa in ya sauka ƙasa da shi, domin kada makirfon tom-tom ya riƙa kwaso hayaniyar maƙwabta alhali ba a buga shi ba. Padgham ya ɗora ta a kan amon ɗaki. Sai a buga ganga, ƙofa ta buɗe, amo ya fashe da faɗinsa, kafin ya fara dushewa ƙofa ta datse shi. Shiru. A buga kuma.

Babu wani ɗaki a duniya da ke yin haka da kansa. Kunnen ɗan Adam ya san cewa wuri mai girma amonsa yana daɗewa, ƙaramin wuri amonsa gajere ne. Wannan sauti ya haɗa girman babban ɗaki da gajartar ƙaramin akurki, shi ya sa yake razana mai saurare a karon farko, kuma shi ya sa yake barin fili ga murya da sauran kayan kiɗa duk da girmansa.

Makaɗi ya bi ƙofar

Ɓangaren da na fi so a labarin shi ne abin da Collins ya yi. Yana jin sautin da aka sarrafa a abin sauraron da ke kunnensa. Maimakon ya ci gaba da kiɗansa na gwaninta, kuma shi gwani ne na gaske wanda ya yi kiɗan jaz mai sarƙaƙiya da ƙungiyar Brand X, sai ya rage hannu. Ya buga, ya jira ƙofa ta rufe, ya sake bugawa. Lokacin da ƙofar ke ɗauka kafin ta datse amo shi ya zama ma'aunin saurin kiɗan. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to a nan makaɗin ne da kansa ya zama mai rawa, yana bin abin da na'ura ke yi wa gangarsa. Da ya cika wurin da bugu kamar yadda ya iya, da ƙofar ba ta sami damar rufewa ba, kuma shirun da shi ne rabin sautin da ya ɓace.

Gabriel da ya ji, sai ya ce Collins ya ci gaba da maimaita wannan salo na tsawon mintoci, ba juyi, ba ado, a naɗa. A kan wannan naɗin ya gina waƙar Intruder, wadda ta buɗe kundin, waƙar da aka rera da bakin mutumin da ke shiga gidan mutane a ɓoye. Tsarin da aka saba shi ne a rubuta waƙa sannan a nemo mata ganga. Nan gangar ce ta riga waƙar. A bangon kundin an rubuta wa Collins cewa shi ne mai salon bugun, ba makaɗi kawai ba, kuma hakan daidai ne.

Yanzu a koma ga dokar simbal. Tagulla tana daɗewa tana kuka bayan an buge ta, kuma kukanta siriri ne mai yawo a sama. In aka bi da ita ta na'urar matsewa mai tsanani irin ta makirfon magana, wannan kuka zai taso ya lulluɓe komai da huci kamar an watsa ruwa a mai mai zafi. Ƙofar sauti kuma ko dai ta ƙi rufewa saboda kukan bai sauka ba, ko ta yanke shi a tsakiya, abin da ke da muni a kunne. Da akwai simbal a ɗakin ranar nan, abin da Padgham zai ji a lasifika hayaniya ce, kuma da ya saki maɓallin ya ci gaba da aikinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar da Gabriel ya kafa tun kafin a shiga ɗaki, da dutsen da aka gina shekara guda kafin nan, da teburin da ya zo da ƙofa a kowane layi, da kunnuwan da suka riga suka saba da amon ɗaki a aikin XTC, duk sai da suka taru kafin danna maɓalli ɗaya ya yi ma'ana.

Akwai kuma farashin da ake biya, wanda ba a cika faɗa ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Makirfon da ke nesa da ganga da mita 5 yana jin bugun bayan na kusa da kimanin kashi 15 cikin dubu na daƙiƙa. Wannan ɗan jinkiri shi ke ba kunne labarin girman wuri, amma in aka haɗa na kusa da na nesa ba da lura ba, sai wasu sassan sautin su cinye juna, gangar ƙafa ta rame. Sannan abin da aka matse aka datse kafin ya shiga tef ya shiga ke nan, ba a warware shi gobe. Mai ɗaukar ganga a busasshen akurki yana ɗage shawara zuwa ranar haɗa sauti. Mai ɗauka a ɗakin dutse yana yanke ta nan take, makaɗi na zaune, agogon situdiyo na cin kuɗi.

Abin da ya biyo baya

Kamfanin Atlantic, wanda ke fitar da faya-fayan Gabriel a Amurka, ya saurari kundin ya ƙi karɓa, a ganinsa ba zai sayu ba. Mercury ne ya fitar da shi a can. A Birtaniya Charisma ya fitar da shi a watan Mayu na 1980, ya kuma hau matsayi na ɗaya. A ƙarshensa akwai waƙar Biko, ta tunawa da Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata da ya rasu a hannun 'yan sandan Afirka ta Kudu a 1977, inda Collins ya buga surdo, babbar gangar nan ta Brazil. Ko a can ganga ce zalla ke ɗauke da waƙar, ba tagulla.

Collins ya ɗauki Padgham suka koma ɗakin dutse don kundinsa na farko, Face Value, wanda ya fito a farkon 1981. A waƙar In the Air Tonight sun yi amfani da darasin ta wata fuska. Na'urar kiɗa Roland CR-78 ce ke ɗan ƙwanƙwasawa a hankali fiye da minti uku da rabi, sannan tom-tom na ɗakin dutse su rufto. Shugaban Atlantic, Ahmet Ertegun, ya ga jiran ya yi tsawo ga rediyo, ya nemi a ƙara ganga tun da wuri, kuma an ƙara a sigar da aka fitar ita kaɗai. Amma sigar kundin, mai dogon jira, ita mutane suka riƙe.

Daga nan kowa ya so irin sautin, kuma ba kowa ke da ɗakin dutse ba. Kamfanin AMS na Ingila ya fitar da na'urar amsa-kuwwa RMX16 mai ɗauke da tsarin da ke kwaikwayon amon da aka datse, sai abin ya koma danna lamba. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 da wuya a buɗe rediyo ba a ji sineya mai fashewa tana yankewa ba, a waƙar soyayya, a waƙar rawa, a talla. A ganina a nan ne aka yi asara. An ɗauki ƙarar an bar dalilinta. A Intruder waƙar ce aka ɗinka daidai jikin gangar, makaɗi kuma ya bar mata fili. A yawancin abin da ya biyo baya, liƙa ta aka yi a kan kiɗan da ya riga ya cika maƙil, har da simbal, don haka ta gaji da mutane, kuma farkon shekarun 1990 aka juya mata baya aka koma ga ganga mai kama da ta zahiri. Shi kansa Gabriel bai mayar da dokarsa addini ba. A kundin So na 1986 tagulla ta dawo, Stewart Copeland, makaɗin ƙungiyar The Police, ne ma ya buga ta a waƙar da ta buɗe kundin.

Nakan tuna da wannan lamari in na ga yadda ake ɗaukar kalangu ko kotso a ƙananan situdiyoyinmu, waɗanda aka tsara su don murya da fiyano. Ɗaki ne ɗan ƙarami da aka liƙe da soso, makirfo a bakin fata, daga baya a zuba amsa-kuwwar kwamfuta. Sai a ce gangar gargajiya ba ta zama a faifai. Ni ina ganin ba a ba ta ɗaki ba ne. Makaɗin da ya saba da zaure ko ƙofar fada yana kiɗa ne da amon wurin, yana jin dawowarsa yana amsa masa, kamar yadda Collins ya amsa wa ƙofar Padgham. A rufe shi cikin soso, hannunsa ma ba zai yi abin da ya saba ba. Makirfo ɗaya a nesa, a ɗaki mai tsawon rufi da bango mai tauri, gwaji ne da ba ya buƙatar teburin SSL.

An rufe Townhouse a 2008. Kamfanin Solid State Logic kuwa ya fitar da manhajar kwamfuta mai suna LMC-1, wadda ke kwaikwayon na'urar matsewar nan ta layin magana. Wanda ya sa Intruder daga farko, kafin murya ta shigo, zai ji gangar ƙafa da sineya suna bugawa a hankali, kowane bugu da faɗin bangon dutse a bayansa, sannan wurin da ƙofa ta rufe, inda Collins ke riƙe da sandunansa yana jira.